Idan na zauna gaban farin yadi kaina kullewa yake yi: ina masu zane ke samo abin zanawa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, a Tudun Wadan Zariya nake zaune, kuma na kai shekara uku ina zane. Idan aka ba ni hoto a waya ina kwafe shi tsaf, har mutane su ce kamar inji ne ya buga. Amma duk ranar da na ce bari in yi nawa na kaina, sai in zauna gaban farin yadin da ake zane a kansa kaina ya kulle. Na ji manyan masu zane suna cewa su ba sa tsara aiki, wai aikin ne yake jan su. Da gaske ne? Kuma ina ake samo abin zanawa, alhali unguwarmu ba wani abin kallo sai shaguna da kwata?

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Wannan kullewar kai da kike faɗi na san ta sarai, kuma duk mai zane na gaske ya ɗanɗana ta. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina riƙe da buroshi a garin nan, amma har yau idan na kafa sabon yadi sai na ji gabana ya ɗan faɗi. Don haka kada ki ɗauka wani abu ne ya same ki.

Maganar da kika ji gaskiya ce, sai dai rabinta aka faɗa miki. Ni ma idan na fara aiki ban cika sanin inda zai tsaya ba. Nakan fara da wani launi da ya tsaya mini a rai, ko wani fasali da na gani a hanya, daga nan abin da ya bayyana a kan yadin shi ke gaya mini abin da zan ƙara. Wannan shi ne abin da muke kira ilhama. Rabin da ba a faɗa miki ba shi ne, ilhamar nan tana da rumbu, kuma sai abin da aka zuba a rumbun take ɗebowa. Ki dubi mahaifiyarki idan tana miyar kuka. Ba ta auna gishiri da cokali, ba ta ƙirga daddawa, hannu kawai take sa wa ta barbaɗa, kuma ya zo daidai. Idan kika tambaye ta nawa ta sa, sai ta ce "daidai misali". Ba za ta iya yi miki bayani ba, amma tukunya dubu ce ta wuce ta hannunta kafin hannun ya san haka. Hausawa sun gama maganar da suka ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Idon mai zane ma haka yake sanin kima, da yawan kallo da yawan ɓatawa.

A garin nan muna da shaidar wannan a jikin bango. Tsofaffin magina na cikin birni, idan sun gama yaɓen zaure, tun ƙasar tana da danshi suke sa hannu su fitar da zane a jikinta: dagi, da zobe cikin zobe, da layukan da ke lanƙwasa suna komawa cikin juna. Babu takarda a gabansu, babu ma'auni, kuma ƙasa ba ta jiran mai shawara, bushewa take yi. Amma idan kin tsaya gaban ƙofar sai ki ga dama ta amsa wa hagu, sama ta zauna a kan ƙasa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da tubali da azara ya ɗaga bakan-gizon rufin da har masana gine-gine daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna aunawa. (Wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.) Ki nemi tsofaffin hotunan cikinsa ki dubi adon da ke jikin ginshiƙan. Wanda ya yi wannan tun yana yaro yake kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali. Abin da ya zo masa a zuciya ranar aiki, hannunsa ya riga ya san hanyarsa.

To, kwafen hoton waya da kike yi bai tafi a banza ba. Ya koya miki haƙuri, ya daidaita miki hannu, kuma mai wannan hannun ya ci rabin tafiya. Inda ya cuce ki shi ne ya ɗauke miki aikin zaɓe. Kafin hoton ya iso gare ki, an riga an yanke inda zai fara da inda zai ƙare, an mayar da abu mai kauri da zurfi ya zama shafaffe, wayar kuma da kanta ta haskaka inuwa ta rage ƙarfin rana don komai ya fito. A hoton waya, ƙusar da ke jikin ƙofa da idon wanda ke tsaye a bakin ƙofar darajarsu ɗaya. Idon ɗan Adam ba haka yake gani ba. Idan kin shiga kasuwar Sabon Gari, ba komai kike gani ba. Wani abu guda ne zai fizge ki, wataƙila jan tattasai a kan buhu, sauran duk su koma hayaniya a gefe. Wannan fizgar ita ce farkon zane, kuma shekara uku kina barin wani yana yi miki ita. Shi ya sa da kika zauna gaban farin yadi kika rasa ta cewa. Wurin da ya kamata ya motsa a cikinki ba a taɓa sa shi aiki ba, amma yana nan da ransa.

Maganarki ta ƙarshe ce ta ɗan sosa mini rai, wai unguwarku ba abin kallo. 'Yata, ki saurari bakinki da kanki idan kina sayen atamfa. Me kike ce wa mai shago? Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan makuba, ruwan hoda, ruwan bula, ruwan omo. Kusan duk launin da muke da suna dominsa, daga madafi, ko gona, ko kasuwa, ko wurin wanki muka ɗauko shi. Kakanninmu sun fasa ɗorawa suka ga garin cikinta, suka ce wannan rawayar daban take, suka sa mata suna. Da sabulun gari ya shigo, mata suka dube shi suka ƙara wani sunan. Sannan ba mu tsaya a nan ba: muna da ja wur, da fari fat, da baƙi ƙirin, da kore shar, domin kunne ya ji ƙarfin launin tun ido bai gani ba. Mutanen da suka yi wannan harshe masu kallo ne ƙwarai. Ni da kaina, darasin launi mafi amfani da na taɓa samu a wurin mai goro na same shi. Na zauna kusa da farantinsa ina jiran mota, sai wani dattijo ya ɓare farin goro ya gutsira, ya riƙe sauran a hannu yana hira. Ina kallo, kafin a yi minti biyar inda haƙori ya taɓa ya tashi daga fari zuwa rawaya, daga rawaya zuwa abin da muke kira ruwan goro, gefensa kuma ya fara komawa ruwan ƙasa. Launi huɗu a kan abin da bai kai babban yatsa ba. Na koma gida na kwana uku ina haɗa su a kan farantin haɗa fenti.

Kwatar da kika raina ma ki sake dubanta da hantsi. Ruwan da ke kwance a ciki yana ɗauke da sararin sama, da fentin shagon da ke gefe, da ƙafafun masu wucewa a kife. Sannan ki dubi inuwar da katanga ke yi a kan jar ƙasa da la'asar, ki gaya wa kanki gaskiya ko baƙa ce. Ba baƙa ba ce. Inda rana ba ta kai ba, hasken shuɗin sama ne ke sauka a wurin, shi ya sa inuwar kan jar ƙasa take karkata zuwa shunayya. Ɗalibai da yawa baƙin fenti suke zubawa don su yi inuwa, sai aikin ya mutu murus. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli katangar gidansu da idonsa ba zai ƙara yin haka ba: zai karya ja da ɗan kore, ya karya ruwan lemo da ɗan shuɗi, ya sami inuwa mai numfashi.

Kuma ki sani, wannan tambayar taki a Zariya aka fara yin ta da babbar murya a ƙasar nan. A 1955 aka kawo sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, kuma irin karatun makarantun zane na can suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya har aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a jefar da fentin Bature da dabarunsa ba. Cewa suka yi a karɓi abin da ke da amfani a ciki, a haɗa shi da abin da mutum ya tashi ya tarar a gidansu. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kuma mahaifiyarsa ta san shi. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Grillo ya zana mutanen Legas, 'yan kasuwa da makaɗa, cikin shuɗin da har ya rasu a 2021 da shi aka san shi. Jimo Akolo, wanda shi ma a nan ya yi karatu a wannan zamanin, ya zana mahaya dawaki da makaɗan Arewa. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne, waɗannan samari daga nesa suka zo, suka zauna a Samaru inda kwalejin take, a nan idonsu ya buɗe suka gane darajar abin gida. Mu kuma da aka haifa a gindin ganuwa, muna wuce Ƙofar Doka kullum kanmu a sunkuye cikin waya muna neman hoton dusar ƙanƙara mu kwafa.

Na san ke mace ce, ba lallai a bar ki ki kafa katako a bakin kasuwa kina zane ba, kuma ko an bar ki yara za su yanyame ki. Wannan bai rage ki da komai ba. Abin da ke cikin gida, wanda mu maza ba mu cika gani ba, ya ishe ki aikin shekaru. Jeren kwanuka a ɗakin kakarki, yadda hasken ƙofa ke bin bakin kowane kwano yana raguwa har ya ɓace a ƙurya. Igiyar shanya bayan wanki, atamfa kusa da farin zanen gado, iska tana kaɗa su. Turmi a kife. Kuɓewa da aka yanka aka baza a faifai. Tafin hannun amarya ranar da aka cire lalle. Tukunyar da gindinta ya sha hayaƙi, wadda idan kin dube ta da kyau za ki ga baƙinta ya kai kala biyar. Akwai wani mai zane ɗan Italiya, Morandi, wanda ya rasu a 1964. Kusan duk rayuwarsa a garin Bolonya ya yi ta, a gida ɗaya da 'yan'uwansa mata, kuma mafi yawan aikinsa kwalabe ne da gwangwanaye da tuluna a kan tebur. Ya matsar da wannan, ya juya wancan, ya sake zanawa. Yau manyan gidajen adana zane na duniya suna alfahari da kwalaben nan.

Ga yadda ake cika rumbun. Ki sami ƙaramin littafi mara layi wanda zai shiga jakarki, da fensiri ko guntun gawayi. Kullum ki ba abu guda minti goma, kina kallonsa fiye da yadda kike kallon takardar. Kada ki goge, kada ki nuna wa kowa, kada ki ɗora a Facebook. Littafin nan ɗakin girkinki ne, ba a kai baƙo ciki. Amma abin da ya fi wannan amfani a wurina shi ne zane daga ƙwaƙwalwa. Idan kin fita, ko a Keke Napep ne daga Tudun Wada zuwa Kwangila, ki bar wayar a jaka, ki bar idonki ya kama abin da ya ga dama. Da kin dawo gida, kafin ki yi hira da kowa, ki zauna ki zana abin da ya rage miki. Za ki tarar kin manta kusan komai. Adadin tagogi ya tafi, rubutun allon shago ya tafi. Abin da zai saura wataƙila lanƙwasar bayan wata tsohuwa ce da ɗaurin itace a kanta, ko koren mayafi a tsakiyar ƙura. Ƙwaƙwalwa rariya ce, tankaɗe take yi, kuma abin da ta riƙe miki ba shi za ta riƙe wa ƙawarki da kuka zauna kujera ɗaya ba. Wannan bambancin shi ne abin da mutane ke kira salon mai zane. Ba a ƙirƙiro shi da gangan, tarar da shi ake yi bayan an cika littattafai.

Idan kuma aka zo gaban yadin, abu na farko da nake yi shi ne in kashe farin. Farin yadi yana da kwarjini, kowane ɗigo a kansa sai ya zama kamar rantsuwa. Sai in tsinka fenti ruwan ƙasa ya yi ruwa-ruwa, in shafe yadin gaba ɗaya da tsumma, ba tare da na damu ya yi daidai ba. Wani wuri ya yi duhu, wani ya yi haske, kuma tun daga nan aikin ya fara magana. Daga nan sai babban buroshi, irin na masu fentin gida, in aza manyan wurare uku ko huɗu, duhu da haske, ina tsaye, hannuna yana tafiya tun daga kafaɗa. Ƙaramin buroshi ba ya fitowa sai can ƙarshe. Ku masu kwafen hoto kun saba farawa da ƙwayar ido ku bi a hankali har ku kai kunne. Wannan hanyar ba ta barin ƙofa ga ilhama, don an gama yanke hukunci tun kafin a fara. Bayan kowane ɗan lokaci nakan ajiye buroshi in ja da baya taku biyar ko shida, in runtse ido kaɗan, in tambayi kaina ina ne ya yi nauyi, ina ne ya yi shiru da yawa. Lokacin da nake ɓatawa a kallo ya fi wanda nake ɓatawa a shafawa.

Marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello har ya rasu a haɗarin mota a 1995, ya yi suna da wata hanya da ta dace da tambayarki. Yakan tsinka fentin mai ya zama ruwa, ya zuba a kan yadi, ya bar shi ya gangara ya haɗu da ɗan'uwansa yadda ya ga dama, sannan ya dubi abin da ya fito ya gina aikinsa a kai. Matasa da yawa sun ga haka suka ce ashe abin sauƙi ne, suka yi ta zuba fenti suna samun taɓo. Abin da suka manta shi ne mutumin gwanin zanen hannu ne tun kafin ya fara zubawa. Fenti yana iya gangarowa ta hanya ɗari, amma wanda zai ce wannan gangarowar a bar ta, waccan a rufe ta, shi ne mai zanen. Dace yana kawo nasa, ido yana zaɓa. Idan babu idon, dace ba ya haifar da komai.

Dubarar da nake so ki riƙe a nan ita ce juya aiki. Idan ya cije miki, ki kifa shi ƙasa ta koma sama, ko ki dube shi ta madubi. Kandiniski, mai zane ɗan Rasha da ya zauna a Jamus, ya ba da labarin yadda ya shigo ɗakin aikinsa da magariba ya ga wani zane mai kyawun da ya ɗauke masa hankali, bai gane ko na mene ne ba, sai da ya matsa ya ga ashe nasa ne aka jingine shi a karkace. Da ido ya daina neman "wannan doki ne, wancan gida ne", sai ya ga launi da fasali tsiraransu. Tun kafin shi, Liyonado da Binci, mai zane ɗan Italiya wanda ya rasu a 1519, ya shawarci masu koyo su riƙa kallon tabon da ke jikin tsofaffin bangaye, za su ga duwatsu da koguna da fuskoki a ciki. Duk wanda ya ga katangar ƙasa a cikin birni bayan ruwan Agusta ya san abin da yake nufi.

Bari in ba ki labarin wani aiki nawa. Akwai wani gindin rimi da nake wucewa, inda masu fura da nono ke zama da rana. Na daɗe ina son in zana wurin. Na yi zanen gwaji ya fi ashirin, na kafa babban yadi, na sa komai a ciki: saiwoyin rimin nan masu kama da katanga, da matan, da ƙoransu, da masu saye, da babur a jingine, har da akuya. Wata biyu ina fama. Kowane ɓangare idan an dube shi shi kaɗai ya yi kyau, amma gaba ɗayansa ba rai. Ranar da raina ya ɓaci na ɗauki wuƙar fenti na kankare shi tas, na juya fuskarsa ga bango, na bar shi. Bayan kamar sati uku na juyo shi don in yi wani aikin a kai. Sai na ga kankarar ta bar wani duhu mai laushi, kore-kore, ja-ja, irin duhun da ke gindin babbar bishiya da tsakar rana, kuma a cikinsa wasu wurare masu haske zagayayyu sun ƙi fita, inda ƙoren suke. Nan take na gane abin da ya riƙa tsayar da ni a wurin duk tsawon lokacin. Farin nono ne a cikin inuwa, idan an ɗaga faifai. Shi kaɗai. Sauran duk ni na ɗora wa kaina su don ina ganin sai da su zane zai cika. A yammacin nan na gama aikin, da farare bakwai a cikin duhu da ɗan alamar hannu a kan ɗaya. Wanda ya ga saurin da na yi a ranar zai ce ilhama ce ta sauko, kuma ita ce. Amma wata biyun nan da zanen gwaji ashirin su suka share mata hanya.

Yanayin garinmu ma yana sa hannu a aiki, kuma gara ki san shi. Da hunturu, fentin akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, yana bushewa a kan faranti kafin ki gama haɗa shi, don haka ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin takardar da kike haɗawa a kai, ki ajiye ruwan fesawa kusa. Fentin mai shi kuma ba ya sauri, yakan ɗauki kwanaki, don iska yake sha ya daskare a hankali, kuma duk ƙurar da ta shigo ɗaki a jikinsa za ta kwana. Ki riƙa juya fuskarsa ga bango, ki bar ɗan rata. Idan da shi kike aiki, shafin farko ya zama tsinkakke mara mai sosai, na sama su fi mai, in ba haka ba zai tsattsage bayan shekaru. Amma hunturun nan da ke wahalar da mu shi ne babban malamin nisa da kusa. Ki dubi Dutsen Kufena a watan Janairu, yadda hazo ke mayar da shi kamar hayaƙi, wata rana ma ya haɗiye shi ɗungurungum, sannan ki sake dubansa a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya matso kamar ki miƙa hannu ki taɓa. Dutse ɗaya ne, zane biyu ne mabambanta.

Wataƙila a gida an taɓa yi miki maganar hukuncin zana abu mai rai, don kusan duk ɗalibin da ya zo wurina daga gidan Musulmi da wannan damuwar yake zuwa. Wannan fagen malamai ne, ki kai tambayarki ga malamin da kika amince da iliminsa. Abin da zan ce a matsayina na mai sana'a shi ne, ya zo a hadisi cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai yin hotuna da ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai, kuma wannan filin yana da faɗin da ba za ki ƙure shi ba. Masu zayyanar allo, da masu ɗinkin aska takwas a wuyan babbar riga, da masu sassaƙa ƙwarya, da dukawa, duk a cikinsa suka yi gwanintarsu. Aikin gindin rimin da na ba ki labari babu fuska ko ɗaya a cikinsa, amma duk wanda ya tsaya gabansa ya san akwai mata a wurin.

Sanin lokacin tsayawa ya fi sanin farawa wuya, kuma na ɓata ayyuka da yawa da "bari in ɗan ƙara". Alamar da na dogara da ita yanzu ita ce, idan na ga ina ta gyara wurin da ba wanda ya yi ƙorafi a kansa, ko na ɗauki ƙaramin buroshi ina lallaɓa abin da babban ya riga ya faɗa, to lokaci ya yi. Sai in wanke hannu, in bar shi ya kwana, in dube shi da asuba bayan salla kafin hayaniyar rana ta shiga kaina. Kallon farko na safiya ba ya ruɗi. Akwai kuma makonnin da ba abin da ke zuwa ko kaɗan. A irin waɗannan kwanaki nakan ja sababbin yadi a kan katako, in shafa musu farin shafin farko, in wanke buroshi, in fita da ƙafa ba tare da niyyar neman komai ba. A irin wannan yawon ne na fara lura da cewa gawo da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, saɓanin sauran itatuwa, alhali tun ina yaro nake wuce shi.

Yanzu ga aikin da nake so ki yi a wannan satin. Ki ajiye yadi tukuna, ki yanka kwali guda bakwai, kowanne kamar faɗin tafin hannu biyu. Ki zaɓi abu ɗaya a tsakar gidanku wanda ba ya motsi, randa ko turmi ko bakin ƙofar madafi. Ki zana shi kullum, amma a lokuta daban: yau da sassafe, gobe da hantsi, jibi da azahar, gata da la'asar sakaliya, wata rana dab da magariba. Launi huɗu kawai za ki ɗauka, ja da rawaya da shuɗi da fari, babu baƙi. Buroshin kada ya gaza faɗin babban yatsanki, kuma kowane zane kada ya wuce minti ashirin, ko ya ƙare ko bai ƙare ba ki ajiye. Waya tana ɗaki. Rana ta takwas ki jera su a ƙasa jikin bango, ki ja da baya, ki ga wanne ne idonki yake komawa kansa ko da kin kawar da shi. A kan wannan za ki kafa babban yadinki, kuma ki fara da shafe farin da ruwan ƙasa.